Kunyar da ke Rufe Bakin Yaro ba ta Musulunci ba ce

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ba mu 'ya'ya, ya sanya su amana a wuyanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, karatunmu na wannan mako ya shafi yaran da suka fara tasawa, watau daga shekara 12 ko 13 zuwa 18, maza da mata, da yadda za a koya musu tsare kansu daga masu lalata da masu cutarwa. Lalle magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe, wanda uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, balle ta zauna da shi ta yi masa zancen abin da tufa ta rufe. Amma malamanmu na fiƙihu, waɗanda suka fi mu kunya da tsoron Allah, ba su ji nauyin rubuta babin janaba da na haila ba, suka kuma ajiye su a farkon littattafan da a ke fara biya wa yara, irin su Ahalari da Ishmawi. Shehu Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a gabatarwar Risala cewa ya kamata a sanar da yara abin da Allah ya wajabta tun kafin su balaga, domin balaga ta tarar abin ya riga ya zauna a zukatansu. A wannan wuri kuma ya haɗa umurtarsu da salla da raba musu wurin kwana. To, mu mun riƙe maganar salla, mun saki ta wurin kwana da abin da ke bayanta.

Kada wani ya ce wannan damuwa ce ta Turawa. A shekara ta 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da hukumar UNICEF ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi bincike kan cin zarafin yara a Nijeriya, aka bayyana sakamakon a 2015. Binciken ya nuna cewa yara 6 cikin 10 su kan gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 an taɓa su ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami wani taimako daga cikinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, galibin masu aikata wannan ɓarna mutane ne da yaran suka sani.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya kamata mu tsaya a kansa, domin Alƙur'ani ya riga masu bincike nuna shi. Mai karatu ya buɗe Suratu Yusuf. Sa'ad da 'yan'uwan Annabi Yusufu suka nemi a bar shi ya bi su daji, abin da Annabi Yaƙubu ya ambata yana tsoro shi ne kerkeci, kamar yadda ya zo a aya ta 13. Kerkeci bai taɓa Yusufu ba. Waɗanda suka jefa shi rijiya su ne 'yan'uwansa da suka yi alkawarin tsare shi. Da ya girma a Masar kuma, ba wani baƙo ne ya tare shi a hanya ba, matar gidan da a ke riƙonsa ce ta kulle ƙofofi. Sau biyu ke nan cuta tana fito masa daga cikin gida. Mu kuwa har yanzu gargaɗinmu ga yara bai wuce kada ka bi wanda ba ka sani ba, kada ki karɓi alewar baƙo. Gargaɗi ne mai kyau, amma ya tsare ƙofar zaure ya bar ta ɗaki a buɗe. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya hana maza shiga wurin matan da ba muharramansu ba, wani Ba'ansare ya tambaye shi game da ɗan'uwan miji, sai ya kwatanta shigarsa da mutuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan daga Uƙbatu ɗan Amir. Malamai suka ce dalili shi ne, na kusa yana shiga ba a tuhumarsa, saboda haka ya fi na nesa samun dama. Ba a ce a munana zato ga dangi ba. An dai ce kada zumunta ta sa a ɗage dokar da Allah ya sa.

Abu na farko da za a sanar da yaro shi ne jikinsa yana da alfarma, kuma shi ne mai tsaronta. Ya san iyakar al'aurarsa kamar yadda ya san farillan alwala, ya san cewa babu wanda ya halatta ya gani ko ya taɓa, ko kawu ne, ko yaya, ko malami, sai fa likita a kan lalura, shi ma da wani babba na gida a tsaye. Ya kuma san sunayen gaɓoɓinsa yadda idan ya faɗa za a gane. Yaron da bai da kalmar da zai kira wurin da aka taɓa shi, ko ya zo kai ƙara sai ya ce wane yana yi mini wasa, uwa kuma ta ce to ka rama, magana ta mutu a nan. Mu da mu ke karantar da Larabci mun san wannan a aji: ɗalibi ba ya iya tambaya a kan abin da ba shi da sunansa.

Musulunci ya kafa wannan tarbiyya tun daga cikin gida. A Suratun Nur, aya ta 58, an umurci yaran da ba su balaga ba su nemi izni kafin su shiga wurin manya a lokatai uku: kafin sallar asuba, da lokacin da a ke tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan sallar lisha. Aya ta 59 kuma ta ce idan sun balaga su riƙa neman izni kamar sauran manya. Yaron da ya tashi yana sallama kafin ya ɗaga labulen iyayensa, zai gane da kansa cewa shi ma labulensa ba a ɗagawa sai da izni. Hadisin Abu Dawud ya zo da raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri hani ga namiji ya dubi al'aurar namiji, ko mace ta dubi ta mace, da hani ga maza biyu ko mata biyu su shiga mayafi guda jiki na taɓa jiki. Wannan hadisi ya kamata a rubuta shi a bangon kowace makarantar kwana da kowane zauren almajirai, inda a kan tara gardi da ƙolo a tabarma guda. Na san talauci da ƙarancin ɗaki, amma ko ɗaki ɗaya ne, raba tabarma da mayafi bai fi ƙarfin kowa ba.

Sa'an nan sai batun biyayya, wanda a nan ne mu ke yi wa 'ya'yanmu illa ba tare da mun nufa ba. Mun koya musu cewa babba ba ya ƙarya, ba a yi wa babba musu, in babba ya kira ka sai ka je ka durƙusa. Ladabi abin yabo ne. Amma mugu da wannan ladabin ya ke kama yaro, kamar yadda a ke kama kaza da tsaba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Aliyu labarin wata runduna da shugabanta ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya ce su shiga, yana kafa musu hujja da cewa Annabi ya umurce su su yi masa ɗa'a. Suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi sai ya tabbatar da ƙin nasu, ya bayyana cewa ɗa'a a cikin abin kirki kaɗai ta ke. In shugaban da Annabi ya naɗa da kansa yana da iyaka, to ina kawu, ina mai shago, ina malamin aji? Ya kamata uba ya gaya wa ɗansa da bakinsa, ba a cikin habaici ba: duk wanda ya ce ka tuɓe, ko ya taɓa ka inda bai kamata ba, ko ya nuna maka hoton banza, ka ƙi, ko wane ne shi, kuma ni ne na ba ka izni. Yaro yana bukatar ya ji wannan izni daga bakin mai gida, domin shekara da shekaru yana jin akasinsa.

A kuma bayyana musu yadda mai lalata ya ke tafiyar da al'amarinsa, domin da wuya ya fara da ƙarfi. Kura ce da fatar akuya. Ya kan fara da kyauta, ɗan kuɗin kashewa, katin waya, ko ya saye tallar yarinya gaba ɗaya ya ce ta riƙe canji. Ya kan ware yaro ɗaya daga cikin tsara ya riƙa yabonsa, ya ce shi kaɗai ya ke fahimtarsa, iyayensa ba su san darajarsa ba. Sau da yawa ma iyayen ya ke fara saye da alheri, har su riƙa cewa ai wane ɗan gida ne. Daga nan sai wasan hannu wanda za a iya musunsa idan an yi magana, yana gwada ko yaron zai faɗa. In ya ga shiru sai ya ƙara. Alamar da ba ta ɓuya a cikin dukan wannan ita ce sirri: kada ka gaya wa kowa, wannan tsakaninmu ne. Bayan an afka kuma sai sirrin ya koma barazana, in kin faɗa babanki zai kashe ki, in ka faɗa ba wanda zai yarda da kai, ko a sa yaro ya dafa Alƙur'ani ya rantse, ko a ce an yi masa asirin da zai mutu in ya buɗe baki. A gaya wa yaro tun da wuri cewa rantsuwar da aka tilasta masa don rufe zalunci ba ta ɗaure shi, kuma babu asirin da ke kashe mai faɗin gaskiya.

Wani zai ce, ashe ba mu koya wa yara riƙe sirri ba? Gaskiya ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya aiki Anas ɗan Malik yana yaro, ya makara wajen komawa gida, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi aiken, ya ce sirri ne, ta kuwa ƙarfafa shi a kan ya riƙe. Amma wannan sirri ne da ba ya cutar da mai riƙe shi. Ma'aunin da za a ba yaro mai sauƙi ne: duk sirrin da ya shafi jikinka, ko ya sa ka tsoro, ko ya hana ka barci, ko aka ce musamman iyayenka ne ba za su ji ba, wannan ba amana ba ce, kuma faɗinsa wajibi ne.

Mu koma ga Annabi Yusufu, domin a cikin ayoyi na 23 zuwa 26 akwai dukan darasin da masu koyar da tsaron kai su ke yi a yau. Da aka kulle ƙofofi, ya ƙi da baki ƙarara, ya nemi tsarin Allah. Bai tsaya yin muhawara ko lallashi ba, ya ruga zuwa ƙofa, har aka yage rigarsa ta baya. Da suka yi kiciɓis da mai gida kuma aka juya laifin kansa, bai sunkuyar da kai don kunya ko don ganin girman uwargijiyarsa ba, ya faɗi wadda ta neme shi. Ƙi, gudu, da faɗa. Annabi ne ɗan Annabi, ba wanda ya kai shi kunya, amma kunyarsa ba ta hana shi ko ɗaya daga cikin ukun ba. A koya wa yarinya cewa ihu ba rashin kunya ba ne, ta kira sunan mutumin da ƙarfi in ta san shi, ta yar da farantin talla ko tulu ko takalmi ta nufi inda mutane su ke, kada ta tsaya tattara kaya don tsoron dukan gida. In an riƙe ta kuma, cizo da yakushi da shuri da duk abin da zai ba ta damar kuɓuta halal ne, malaman fiƙihu sun yi babi a kan tunkuɗe mai kawo farmaki. Manufa dai ita ce a sami ƙofa, ba a tsaya dambe ba. Ya kamata a riƙa gwada wannan a gida ko a aji kamar yadda a ke gwada alwala, a ce in wani ya ce ki shigo ciki ki karɓi kuɗin, me za ki ce? Bakin da bai taɓa furta kalma ba, ranar firgita ba zai same ta ba. Amma a sani, akwai wanda tsoro kan sandarar da shi ya kasa ko motsi, wannan halitta ce ta jiki, ba yarda ba ce, kuma ba a zarginsa a kanta.

Akwai kuma wani abu a cikin ƙissar da ba a cika lura da shi ba. Bayan shaida ta tabbata cewa rigar ta baya aka yage, mai gidan, kamar yadda galibin masu tafsiri suka fassara aya ta 29, ya ce wa Yusufu ya bar maganar. Watau rufin asirin gida. Ina wannan rufin asiri ya kai? Mai laifi ta ci gaba da nemansa har da barazana a gaban mata, wanda aka zalunta kuma shi ya tafi kurkuku shekaru. Haka abin ya ke har gobe. Duk gidan da aka ce a bar maganar don kada sunan dangi ya ɓaci, yaron ne ke shiga kurkuku, mai ɓarna kuwa ya koma kan ƙanensa.

Game da keɓewa, dokar ta hau kan manya kafin yara, kuma mu malamai ne farkon waɗanda ta hau. Hani ga namiji ya keɓe da macen da ba muharramarsa ba sananne ne, kuma bai togace malami ba, bai togace mai ruƙiyya ko mai ba da taimako ba. Malamai irin su Imam Nawawi sun yi magana har a kan keɓewa da yaro namiji wanda gemu bai fito masa ba. Annabi da kansa, wanda Allah ya tsare, da waɗansu Ansar biyu suka gan shi da dare yana raka wata mace, sai ya tsayar da su ya sanar da su cewa matarsa Safiyya ce. To, malamin da ya ji haushi don an ce ya bar ƙofar aji a buɗe, ko don uba ya zo ya zauna a lokacin darasin gida, ya binciki kansa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300, da yawansu yara, daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu da sunan gyaran hali. Sunan addini a kan allon ƙofa ba ya ɗauke wa uba nauyin ya shiga ya gani da idonsa, ya kuma keɓe da ɗansa ya tambaye shi.

Talla da aike ba sai na tsawaita ba, kowa ya san inda a ke kai 'yan mata: tashar mota, kangon da a ke gini, shagon da ke da ƙuryar ciki, ɗakin samari. Wadda ba ta da makawa sai ta ɗora wa 'yarta, to ta tafi cikin 'yan'uwanta, ciniki a bakin ƙofa a idon jama'a, a dawo kafin magariba, kuma uwa ta yi alkawari cewa ba za ta doke ta don kwantai ba, domin tsoron kwantai ne ke shigar da yarinya ɗaki. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar an kawo wata mace da ƙishirwa ta kusa kashe ta, wani makiyayi ya hana ta ruwa sai ta ba da kanta, Sayyidina Aliyu ya ce wannan tilas ce, aka sake ta. Yunwa da ƙishirwa makami ne a hannun mugu tun zamanin da. Haka nan yaro ya san cewa ba a shan abin da aka miƙo a buɗe a wurin da ba a amince ba, ba a shiga motar da gida ba su san da ita ba, kuma duk inda za shi wani ya san inda ya nufa da lokacin dawowarsa. Ya haddace lambar wayar mutum biyu na gida, da lambar gaggawa ta ƙasa, watau 112.

Yanzu kuwa an sami keɓewar da ba ta bukatar ɗaki. Yarinya tana kwance kusa da uwarta, amma ta waya tana keɓe da wani ƙato da ya sa hoton saurayi ko na budurwa a Facebook ko WhatsApp ko TikTok. Hanyar ita ce dai waccan: yabo, kyautar kati, sirri, sa'an nan a nemi hoto. Da hoton ya fita sai murya ta sake, a ce a turo kuɗi ko wani hoton, in ba haka ba a watsa wa dangi da 'yan makaranta. Samari maza suna faɗawa wannan tarko ƙwarai. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ba da sanarwar rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya waɗanda a ke wannan sana'a da su, abin kunya ne gare mu. A gaya wa matashi cewa hoton da ya bar wayarsa ya bar hannunsa har abada. In kuwa ya riga ya aika, kada ya biya, domin mai karɓa ba ya ƙoshi, kada ya share saƙonnin domin su ne shaida, ya daina amsawa, ya gaya wa babba a ranar. Ƙwace waya da duka ba ya maganin wannan, sai dai ya koya wa yaro ɓoyewa.

Duk abin da mu ka faɗa a baya ba zai yi amfani ba in yaron ya zo faɗa ya tarar da ƙofa a rufe. A nan ne maganar kunya ta ke. Kalmar da Larabawa ke cewa haya'u, malamai sun ce tushenta ɗaya da hayatu, watau rayuwa, domin rayayyar zuciya ce ke jin ƙyamar mummuna. Imam Nawawi ya kawo a sharhinsa na Muslim cewa jin nauyin da ke hana mutum fuskantar mai ɓarna da gaskiya ba haya'u ba ne, gazawa ce da rauni, mutane ne kawai suka ara masa sunan. Nana A'isha ta yabi matan Ansar domin kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i, wadda ta nuna Allah ba ya son bayyana mummunar magana, ita ce kuma ta togace wanda aka zalunta. A cikin Riyadus Salihin an lissafa wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa ya halatta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da gargaɗin Musulmi daga sharri. Saboda haka yarinyar da ta tona mai lalata ba ta yi giba ba, ba ta yanke zumunta ba, shi ne ya yanke.

Idan yaro ya buɗe baki, abin da babba ya yi a wannan ɗan lokaci shi ne zai sa ya ƙarasa ko ya haɗiye sauran har tsufansa. Kada a yi salati da kururuwa, kada a ce me ya kai ki, kada a jawo karin maganar nan ta ɓera da daddawa, domin ba a yi ta don yaro da babba ba. A saurara, a ce na ji, na yarda da kai, ba laifinka ba ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujur cewa wani mutum ya afka wa wata mace a hanyarta ta zuwa salla, ta yi ihu, ta gaya wa mutanen da suka wuce, aka kai magana gaban Annabi. Bai tambaye ta abin da ya fito da ita ba, ya sallame ta da albishir na gafara. A cikin wannan ruwaya kuma mutumin da aka fara kamawa ba shi ne mai laifin ba, sai daga baya na ainihin ya tashi ya amsa. Wannan ya isa ya nuna cewa yarda da yaro dabam, ɗaukar doka a hannu dabam. Bincike da hukunci na hukuma ne, ba na 'yan unguwa da sanduna ba. Imam Malik kuma ya tabbatar a cikin Muwaɗɗa cewa wadda aka tilasta babu uƙuba a kanta, uƙuba da biyan sadaki duka suna kan wanda ya tilasta.

In an kai ga taɓa jiki, asibiti ne farko, kafin zaman dangi. Akwai maganin rigakafin cutar ƙanjamau wanda ba ya aiki sai an fara shi cikin awa 72, watau kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kada a yi wanka ko a wanke tufafin kafin likita ya duba, ko da ya ke rai yana so, domin rigar Yusufu ce ta wanke shi. Sa'an nan a kai rahoto. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 suna nan, ta biyun ma ta amince cewa namiji shi ma a kan yi masa fyaɗe, kuma jihohi suna da nasu dokokin. Sulhun da a kan yi a zaure a karɓi kuɗi, ko a ɗaura wa yarinya aure da wanda ya ɓata ta don a rufe magana, ba wa kura ajiyar nama ne.

Da yawan yara ba za su faɗa da baki ba, sai dai hali ya faɗa. Yaro mai surutu ya koma shiru, ko ya ƙi zuwa wani gida da ya saba zuwa da murna, ko ya tsani wani mutum ba dalili, ko karatunsa ya faɗi, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, ko a ga kuɗi da kaya a hannunsa ba a san mafarinsu ba. Kafin a ce aljanu ne ko taurin kai, a zauna da shi a tambaya a hankali, in bai amsa yau ba a sake gobe.

Wanda ya ga alkunya ba za ta bar shi ya yi wannan zance da ɗansa na fari ba, to al'adar da ta ɗaure shi ita ce kuma ta ba shi mafita. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, babu nauyi. Akwai gwaggo, akwai inna, akwai yayar da ta yi aure, akwai malamar Islamiyya mai hankali. A zaɓi mutum biyu ko uku tare da yaron, na gida da na waje, a gaya musu a gabansa cewa an ba shi izni ya zo musu da kowace irin magana, a kuma gaya masa cewa in na farko bai saurare shi ba ya wuce wurin na biyu, kada ya daina faɗa sai an ji.

Allah shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.